Turancin Amshi

A ƙauyenmu da ke gefen Ɗantutture, Baturiya ake kirana. Ba don hasken fata ba, ni baƙa ce tun asali. Sunan ya biyo bayan Turancin da aka ce na iya ne. Idan an sayo magani a kasuwa, ni ake kawo wa kwalin in karanta. Idan saƙo ya shigo wayar wani dattijo, ni za a aika a kira ko da hannuna na cikin ƙullu. Na daɗe ina jin daɗin sunan nan, har da ɗan ɗaga kai idan an kira ni da shi a cikin mata. Yanzu kuwa amsawa kawai nake yi, don kada a ce na yi girman kai.

A Kurfi na samo Turancin, a sakandaren je-ka-ka-dawo, lokacin ina zaune a gidan gwaggona. Malami guda ne ya koyar da mu tun daga ajin farko har muka fita. Dogo ne siriri, hularsa ta sha wanki har ta koɗe, aljihunsa kullum fari fat da garin alli. Ajinmu cike yake maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa, kuma littafin Turanci a duk ajin nasa ne kaɗai, shi ma bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi. Mahaifin Malam alaramma ne, a zauren karatun allo ya tashi. Da aka ba shi yara fiye da kima babu littafi, sai ya ɗauko hanyar da ya sani ya ɗora mu a kai.

Abin da yake yawan faɗa shi ne, kalmomin Turanci ba sa tafiya su kaɗai, kowace da abokiyar tafiyarta, kuma ba ruwansu da abin da hankali zai ɗauka. Bature ba ya shan magani, ɗaukarsa yake yi. Ba ya mai da hankali, biyan hankali yake yi kamar mai biyan haraji. Ruwan sama a wurinsa ba ya yin ƙarfi, nauyi yake yi. Mura ma ba ta kama Bature, shi ne yake bin ta ya kama. Mu yi ta dariya har da riƙe ciki, shi kuma ya ɗaure fuska ya ce kada wanda ya tambaye shi dalili, don shi ma bai tambaya ba. Wanda ya haɗa kalma da wadda ba tata ba, in ji shi, ya ɗaura aure babu waliyyi.

Sai ya buga sanda a tebur, ya faɗi kan magana, mu kuma mu ƙarasa. Ya ce "take", ajin ya ɗauka gaba ɗaya, "medicine". Ya ce "pay", mu ce "attention". Ya ce "heavy", mu ce "rain". Idan an gama da gajeru sai a shiga dogaye. Zai ja layi a tsakiyar allo, ya rubuta "I want" a hagu, a dama kuma ya jera abubuwan da ake so: zuwa kasuwa, sayen littafi, ganin mahaifi. Kullum kasuwa ce a farko. Duk da ƙira'a muke yin su, irin ta makarantar allo, muna rangaji gaba da baya. Wannan faɗin kan maganar da yake yi, jan baki muke ce masa, kamar yadda malamin hadda yake ja wa ɗalibi bakin aya shi kuma ya ɗora. Har masu tallan gyaɗa da ke tsayawa a bakin taga sun haddace rabin abin da muke yi.

Ni ce uwar amshi a ajin nan. Murya gare ni, ga riƙe abu, kafin sandar Malam ta bar tebur na riga kowa. Idan baƙi suka zo duba makaranta, ni yake tsayarwa ya yi ta jefo mini kalmomi ina cafewa, baƙin suna gyaɗa kai. Jarrabawa kuwa ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Mafi yawanta jimla ce da aka bar wa gurbi a cike, gurbin nan kuma shi ne daidai wurin da muke yin amshi. Wasiƙa da insha'i ma Malam ya rubuta mana samfuri mun haddace. Na fita da kiredit a Turanci, abin da ya gagari 'ya'yan ma'aikata da yawa, Malam ya zo har gidan gwaggona ya sa mini albarka. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayata wani abu da Turanci wanda ba a riga an ba ni amsarsa ba, kuma ban taɓa lura da hakan ba.

Bayan na gama na koma ƙauye na yi aure. Maigidana manomi ne, da rani kuma yana haya da babur tsakanin ƙauyuka da Kurfi. Mutum ne mai sauƙin kai da son raha, aji uku ya yi a firamare ya gudu, kuma bai taɓa jin haushin ana cewa matarsa ta fi shi boko ba. Taƙama ma yake yi da abin a majalisa. Muka haifi 'ya mace, sai namiji ya biyo.

Akwai ɗan asibiti a ƙauyenmu, ɗaki biyu da baranda. Wata ma'aikaciya ce take zuwa daga Dutsin-Ma a kan babur ta yi awon ciki, ta karɓi haihuwa idan ta dace. Da hanya ta fara lalacewa da 'yan bindiga sai zuwanta ya ragu, daga baya ta daina gaba ɗaya, aka sa kwaɗo a ƙofar. Ban ga laifinta ba, ita ma da 'ya'yanta.

A kakar shekarar ne yayata ta haihu. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ta goya ni. Da hantsi ta sauka lafiya, har an fara guɗa, sai jini ya ɓalle mata. Unguwarzomar ƙauye ta yi iya abin da ta sani. Wata maƙwabciya ta rugo da kwalin allura da ma'aikaciyar nan ta taɓa bari a gidanta, ta miƙo mini, ta ce in duba tunda ni ce Baturiya. Na karanta abin da ke jikin kwalin tiryan-tiryan, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, amma ban san me ake nufi ba, ban san inda ake sokawa ba. Aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan aka samu mota. Kanta na kan cinyata rai ya yi halinsa, ba mu kai Kurfi ba. Na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, kuma a ƙarƙashinsa akwai haushi, don na san abin da ya kashe ta ba abin da ya gagari magani ba ne.

Shekara ta zagayo sai mai unguwa ya kawo labari. Wani shiri ya zo na ɗaukar matan karkara a kai su karatun unguwarzoma na zamani, su dawo su zauna a garuruwansu. Mace ɗaya za a ɗauka daga kowace mazaɓa, kuma akwai iyakar shekaru, wadda ni ina dab da tsallake ta. Idan wannan ya wuce ni, babu wani. Maigidana ko tuwo bai gama ci ba ya ce ai an gama, wannan kujera tawa ce. Surukata, wadda ba ta cika yarda da abin da ba ta saba da shi ba, da bakinta ta ce za ta riƙe yara har in gama. Ita ma tana tsaye ranar da aka fita da yayata.

Aka fara da jarrabawar rubutu a Kurfi. Ina buɗe takarda na ga guraben da za a cike, na ji kamar na haɗu da 'yan ajinmu. Na zo ta ɗaya a mazaɓarmu. Labari ya riga ni isa gida. Mata suka cika tsakar gidanmu, wata mai tsohon ciki tana ce mini za ta riƙe shi ba za ta haihu ba sai na dawo da farin kaya. Mai unguwa ya sa matasa suka share barandar asibitin. Saura abu ɗaya, ganawa baki da baki a Dutsin-Ma, ita kuma da Turanci za a yi.

Na ce wa maigidana ya kai ni wurin Malam. Lokacin ya yi ritaya, yanar ido ta rufe masa gani, wuni yake yi a kan tabarma a ƙofar gidansa a Kurfi. Muryata kawai ya ji ya gane ni. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni sai ya gyara zama, ya laluba ya ɗauko sandar da yake dogarawa, ya buga a ƙasa. Muka koma aji. Duk lokacin da maigidana yake da fasinja zuwa Kurfi sai ya haɗa da ni, ya ajiye ni wurin Malam. Ba abin da na manta. Har ya ƙaro mini sababbi na asibiti, yadda Bature yake ba da allura, yadda yake ɗaukar zafin jiki, yadda yake ba da haihuwa maimakon ya haihu. Maigidana ma ya kwashi nasa rabon. A kan hanya sai ya karkato kai ya ƙwala "take" ɗin Malam yadda bakinsa ya iya, "teki", ni kuma in amsa daga baya, iska tana kwashe rabin maganar, muna dariya kamar yara.

Sau ɗaya wani abu ya ɗarsu a raina. Na tambayi Malam, idan suka yi mini tambayar da ba ta cikin waɗanda muka yi fa? Ya yi murmushi irin na wanda aka yi wa tambayar yara. Ya ce Turanci kaf ɗinsa aure-aure ne, wanda ya san wa ke auren wa ya gama da shi, kuma a duk ɗaliban da ya koyar babu wanda ya kai ni sani. Na yarda. Ban ga dalilin da zai sa in ƙi yarda da mutumin da bai taɓa kai ni ga faɗuwa ba.

Ranar ganawar muka yi sammako. Na sa atamfar da na ajiye tun sallah da farin hijabi. A wani babban ɗakin taro aka yi, mata sun jeru a benci a waje ana kira ɗaya bayan ɗaya. Kusa da ni wata yarinya ce daga mazaɓarmu, ko da yake a suna ne kawai, ubanta ne ɗan can, ita a Dutsin-Ma aka haife ta. Tana ta hira da ƙawarta, suna cakuɗa Hausa da Turanci, bakinta ba ya hutawa. Na kasa kunne. Turancin nata duk a karye yake, tana haɗa kalmomi yadda ta ga dama, har na ji ta ce "drink medicine", ta shayar da Bature magani. Na ce a raina, da Malam na nan da sanda ta yi aiki. Har tausayinta na ji, wallahi.

Aka kira ni. A bayan tebur akwai wata Hajiya mai tabarau, wadda aka ce tsohuwar nas ce, da maza biyu a gefenta. Hajiyar ta gaishe ni da Turanci na amsa, ta tambayi sunana na faɗa, duk waɗannan muna da su a hadda. Ta duba takardar gabanta ta ɗaga gira, alamar ta ga makina. Sai ta ajiye biro, ta jingina, ta ce in gaya musu da bakina me ya sa nake son wannan aiki.

Na fahimci tambayar sarai, ba kalmar da ta ɓace mini. Amsar kuma tana cikina, ta fi shekara tana cina. Kalmomin ma ina da su: jini, uwa, hanya, allura, mutuwa, duk na san su da Turanci, kowace da abokiyar tafiyarta. Amma duk suna kwance ne suna jiran a kira su. Na buɗe baki na rasa ta inda ake farawa. Ban taɓa farawa ba. Sai na tsinci kaina ina kallon bakin Hajiyar, ina jira ta faɗi kan maganar in ɗora.

Ta maimaita tambayar a hankali. Fanka tana juyawa a sama. Ɗaya daga cikin mazan ya duba agogo. Da shirun ya yi yawa sai na ji muryata ta fito da Hausa, ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, a ja mani baki."

Namijin da ke hagu ya yi dariya, ya yi saurin mai da ita tari. Hajiyar ba ta yi dariya ba. Ta ce mini nan ba musabaƙa ba ce, amma ba komai, bari ta taimaka mini. Ta ɗago hannu kamar mai lallashin yaro ya taka, ta ce, "I want…"

Ban yi tunani ba. Bakina ne ya yi aikinsa, da ƙarfi, da ƙira'ar ajinmu, har da rangaji: "to go to the market."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na ce. Na zo neman hanyar da zan tsayar wa matan ƙauyenmu jini, na gaya wa mutane kasuwa nake son zuwa. Wannan karon duka mazan suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hajiyar ta cire tabarau ta goge. Ta ce in faɗa da Hausa, tana son ta ji. Na faɗa. Na ba su labarin yayata tun daga guɗa har bakin hanya, da kwalin allurar da na karanta, da kwaɗon da ke ƙofar asibiti. Ban yi kuka ba, kuma ban taɓa tsara magana kamar ranar ba. Mai dariyar nan ya kasa kallona. Da na gama Hajiyar ta mai da tabaraunta.

"Ɗiyata, na ji ki," ta ce. "Amma can inda za a kai ku, malami da Turanci zai tambaye ki, likita da Turanci zai tambaye ki, mace na kwance gabanku. Ba wanda zai ja maki baki."

Ta yi mini fatan alheri, aka kira ta gaba.

Maigidana yana zaune a kan babur a inuwar dalbejiya, ya sayo mini rake yana jira. Yana ganin fuskata ya mai da raken cikin buhu. Muka kama hanya. Babu "teki" ranar. Ni kuwa tun daga Dutsin-Ma nake dafa maganar da zan gaya wa Malam. Zuciyata tafasa take yi. Zan ce masa ya ba mu wutsiya ya riƙe kai. Zan ce masa shekara da shekaru ya mai da mu 'yan amshi, yana jin daɗin muryarmu, bai taɓa barin ɗayanmu ta faɗi abin da ke ranta ba. Na shirya kalmomin tsaf, da Hausa ba na neman mai ja mini baki.

Malam yana nan a kan tabarmarsa, ya sa sabuwar hula, ashe tun azahar yake zaune yana jiranmu. Ƙarar babur ɗinmu ya gane. Kafin in sauke ƙafa ya buga sanda a ƙasa, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Pay!"

"Attention," bakina ya amsa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya juyo da idanun nan da suka yi fari, yana neman inda nake.

"Yaya aka yi, ɗiyata? Sun ja maki baki?"

"Sun ja, Malam."

"Kin ɗora?"

"Na ɗora."

"To, shi ke nan. Alhamdu lillahi. Ni dai na san ba ki ba ni kunya."

Duk abin da na dafo a hanya sai na haɗiye shi. Tsoho ne makaho da ya shanye ƙurar alli rabin rayuwarsa, ya ba mu iyakar abin da yake da shi, kuma da abin nasa ne na ci kowace jarrabawa. Wa zan kama? Na karɓi addu'arsa na shafa, muka tafi.

Da sakamako ya fito, yarinyar nan mai shayar da Bature magani aka ɗauka. Na yi kwanaki ba na son fita ko bakin rijiya. Matan ƙauye ba su yi mini gori ba, abin da ya fi gorin ciwo suka yi, suka riƙa ba ni haƙuri suna cewa an yi son kai ne, ai kowa ya san ba wanda ya kai Baturiya. Malam ma da labari ya kai masa saƙon da ya aiko ke nan, cewa an zalunce ni, Allah zai saka mini. Da wannan yaƙinin ya rasu bayan 'yan shekaru. Na je gaisuwa, na tarar da tsofaffin ɗalibansa cike da ƙofar gida ana ta yabon yadda ya iya koyarwa, ni ma na yaba, kuma ba ƙarya na yi ba.

Yarinyar ta gama karatunta. Ta zo ƙauyenmu 'yan lokuta da farin kaya, aka buɗe asibitin aka share, daga baya ta yi aure a Katsina. Ita ma ban ga laifinta ba, ba a can ta tashi ba, ba ta da kowa a can. Kwaɗo ya koma ƙofar. Mai tsohon cikin nan da ta ce za ta jira ni ta haihu lafiya a wancan karon. A na gaba ne ba ta tashi ba.

Mu ma daga baya ƙauyen ya gagare mu zama. Noma ya zama sai an yi da ido ɗaya a daji, aka kwashe wa maƙwabtanmu shanu, maigidana ya ce ba zai jira a zo kansa ba. Muka tattaro muka dawo Dutsin-Ma, muka kama ɗaki a bayan kasuwa. Shi yana haya da babur, ni ina suyar awara a bakin hanyar da 'yan jami'a suke bi. Wuni nake ina jin Turanci. Yara ne 'yan bana-bakwai, suna faɗa da shi, suna zolaya da shi, suna soyayya da shi, suna karya shi son ransu ba wanda ya damu. Kunnena har yanzu yana kama kuskurensu, ina juya awara ina gyara musu a zuci. Wani lokaci nakan gwada ƙulla jimla tawa ta kaina, in shirya ta tsaf kafin mai saye ya ƙaraso. Yana tsayawa ya tambaye ni da Turanci, sai ta watse, in ba shi amsa da Hausa. Wasu daga cikinsu sun ɗauka ko aji ɗaya ban taɓa shiga ba, ni kuma ba na gyara musu.

'Yata ta fari yanzu tana ƙaramar sakandare, ta gwamnati, irin wadda muke iya kai ta. Ajinsu ya fi namu cika, littafi kuma har yau na malami ne kaɗai. Mai koya musu Turanci ɗan ajinmu ne a Kurfi, yana zama a layin baya, na san shi sarai, mutumin kirki ne. Ranar da na je kai mata abincin da ta manta, tun daga bakin ƙofar makaranta na ji bugun sanda a tebur, na ji ajin ya ɗauka. Ko ƙira'ar ba ta canza ba. Muryar da ta riga kowa kuwa na san ta, a cikina aka yi ta. Na ba mai gadi kwanon na juyo.

Kwanan baya da la'asar tana taya ni yanka awara sai ta ce mini ita nas za ta zama. Ba ta san labarin ganawar nan ba, ban taɓa ba ta ba. Labarin yayata ne ta sani, don sunanta aka sa mata. Ta ce idan ta gama za ta koma ƙauyenmu ta fasa kwaɗon nan, kuma malaminsu ya ce a duk ajin babu mai Turancinta, don haka ba abin da zai hana ta. Tana magana idonta na ƙyalli.

Na ajiye wuƙa na ce to, ta faɗa mini wannan maganar da Turanci, yadda duk ta iya, ko a karye ne, ba zan yi mata dariya ba.

Ta yi murmushi ta buɗe baki. Sai ta tsaya. Na ga tana lalube, na ga murmushin yana ja da baya. Can sai ta ɗago ta zuba wa bakina ido, irin kallon da na yi wa Hajiya mai tabarau.

"Inna, ja mani baki mana."

Na so in ce mata a'a. Na so in nuna mata yadda mutum yake fara magana da kansa, in yi mata ko jimla ɗaya ta gani. Na duba cikina ban samu ba. Ba ni da kuɗin wata makarantar, ba ni da wani Turancin, abin da Malam ya ba ni shi ke nan gare ni. Na ce mata, "I want."

Ta gyara zama, ta ɗan yi rangaji, ta ɗauka da muryar nan mai daɗi: "to go to the market."

Ta dube ni tana jiran yabo. Na ce mata ta yi daidai, na miƙa mata tire na ce ta kai awarar bakin hanya kafin mai ya huce.